Baƙon da Ke Ƙafar Surukina

Na Allah muke, wurinsa kuma za a mayar da mu. Surukina, mahaifin matata, mai masaukin fatake a zangon Tamale, ya rasu ranar Talata da hantsi, ƙafarsa ta hagu tana kan cinyata.

Mutane sun zo gaisuwa da yawa. Fataken Mosi suka bar shanunsu a bayan gari, suka shigo zaure da sandunansu, suka durƙusa. Babbansu ne kaɗai ya yi magana, ya ce, “Yanzu wa zai riƙa tambayarmu lafiyar iyayenmu?” Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Badagomba, ta ɗauko tulun ruwa a ka, a tsakiyar ranin nan da ake dambe a bakin tafki, ta ajiye a ƙofar gida ta juya ta tafi. Disfensan asibitinmu, mai ba da magani, Kirista ne mutumin bakin teku, ya daɗe tsaye a rana da hularsa a hannu, bai san ko an yarda irinsa ya hau tabarma ba, sai da Liman ya matsa masa. Mata sun yi kuka a cikin gida. Inna, matar marigayin, ba ta yi ba. Ni ma ban yi ba, har yau kuma bai zo mini ba. Ina ci, ina zuwa aiki, ina amsa gaisuwa.

Kafin a yi sadakar uku hira ta koma kan kurkunun da ya rasu da shi a ƙafa. Wani ya ce an yanke shi da aska. Wani ya ce da kansa ya fita lokacin da rai ya fita. Samari suna dariya a gefe, wai tsoho ya ruɗe har yana gaisawa da tsutsa. Na ji tsoron kada abin da za a tuna da shi ke nan. Ni nake riƙe da ƙafar, shi ya sa na zauna rubutu.

Ni ba malami ba ne. Allo na bari tun ban yi nisa ba, boko kuwa tsintarsa na yi a asibitin gwamnati, inda nake wanke miki da ɗaure bandeji. Zango duk an san halina: gaggawa, da baki da ya fi ilimina tsawo, da shekarun da na ɓata a rumfar masu giyar dawa. Allah ya yafe mini. Na faɗa ne don mai karatu ya san irin hannun da tsohon nan ya miƙa wa ƙafarsa.

Sana'arsa saukar baƙi. Masu goro daga Kumasi, masu shanu daga arewa, masu gishiri daga Daboya, duk zaurensa suke nufa. Yana ba su ɗaki da tuwo, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu idan rigima ta kai gaban Disi, Baturen mulki. Amma kafin baƙo ya kwance kaya sai ya amsa tambaya guda.

“Daga ina?”

In ka ce Wagadugu, sai ya ce, “Kafin nan fa?” In ka faɗi ƙauyen ubanka, sai ya tambayi na kakanka. Ba ya barinka sai kun kai inda saninka ya ƙare, sannan ya ce, “Madalla, a kawo masa ruwa.” Ba mutane kaɗai ba. Fitilar ƙwai, barkono, ashana, duk sai ya ji garinsu. Har kalmomi. Ya taɓa hana wani direba cin tuwo sai ya gaya masa inda aka samo “lori”, direban ya ce, “Baba, ni tuƙa ta nake yi, ba ni na raɗa mata suna ba.”

Wannan hali ya taɓa kai shi ga kuskure, ba zan ɓoye ba. Wani mai goro ya sauka ya ce shi Bakano ne. Surukina ya saurari harshensa ya ce ba haka Kanawa ke magana ba. Mutumin ya dage, shi ma ya dage. A ƙarshe ya sa aka fitar da kayan baƙon daga ɗaki zuwa zaure, ya ce tuwo zai ba shi, amma ba zai kwana ƙarƙashin rufinsa ba sai ya faɗi gaskiya. Baƙon ya ɗaure huhunsa ya tafi. Inna ta ce masa, “Malam, wanda ya ɓoye garinsu ba lallai ɓarawo ba ne. Wani sayar da uwarsa aka yi.” Ya yi kwanaki ba ya mata magana. Da ya sauko ya aika da goro Salaga, inda ya ji mutumin ya nufa, a ba shi haƙuri, ɗan aiken ya dawo ya ce ya tarar an binne shi.

Bayan wannan da shekaru ni na zo neman 'yarsa. Na durƙusa a zauren, gumi na zuba. Ya ce, “Daga ina?” Na ce a Tamale na tashi. Ya ce, “Kafin nan fa?” Na ce ban sani ba, mahaifiyata an sauko da ita daga arewa tana ƙarama, zamanin kamen bayi, ta rasu ba ta tuna sunan garinsu ba, mahaifina kuwa ban san shi ba.  Sannan ya ce, “Na taɓa korar mutum a kan tambayar nan. Ba zan ƙara ba. A kawo masa ruwa.” Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, ko a lokacin da 'yarsa ta yi yaji saboda shaye-shayena, ya kuma mayar mini da ita da kansa.

Abu ɗaya ya so bai samu ba. Duk shekara masu niyyar aikin hajji kan kwana a gidansa kafin su kama hanyar Yendi su yi gabas da ƙafa, tafiyar da wasu sai sun yi furfura suke dawowa. Shi ke duba musu takalma, ya ɗaura musu guzuri. Kullum yana cewa in damina ta wuce shi ma zai bi. Damina ta wuce, sai ayari ya sauka, ba mai tarbarsa sai shi. A haka gwiwa ta mutu.

A ranin bana bororo ya taso masa a idon sawu, mai zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe sai ga farin kai kamar zaren ɗinki. Babu wanda ya yi mamaki. A garin nan duk mai shan ruwan tafki ya san kurkunu, kusan kowane gida akwai mai ɗingishi. Na ce a kai shi asibiti. Ya ce, “Ga asibiti na aurar wa 'yata, in tafi ina?”

Mai karatu ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yanzu ga ni kowace safiya, kafin in tafi aiki, zaune a ƙasa a zaurensa, ƙafarsa a kan cinyata. Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake ci. A tsoma ƙafar a daro na ruwan sanyi, tsutsar ta miƙo kanta, a naɗe abin da ta bayar a jikin tsinke. In ta tsaya, a tsaya. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ba a samu komai. A shafa man kaɗe don kada abin da aka naɗe ya bushe, a rufe da bandeji, sai gobe. Ba a ja. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani har ya gurgunce.

“Likita,” haka yake kirana in yana son tsokana, “hannunka na sauri. Ba guga kake ja ba.”

Shirun da ke tsakaninmu ne ya dame ni, sai na nemi abin burgewa. Na ce, “Baba, mu a asibiti ba kurkunu muke cewa ba. Bature likita cewa yake dracontiasis.” Na faɗe ta da ƙarfi, yadda na ji ana faɗa.

Ya sa na maimaita. Ya gwada a bakinsa, ta fito “darakwanti”, ya bar ta a haka. Sannan ya ce, “Daga ina?”

“Turanci ne, Baba.”

“Kafin nan fa?”

Na ce ban sani ba. Ya ce, “Ka shigo mini da baƙuwa gida ba ka san iyayenta ba?” Tun daga ranar, da na kwance bandeji sai ya ce, “Likita, an gano garin su darakwanti?” Na yi ta jin haushi a raina, har na yi nadamar buɗe baki. Da na gaji na kai ƙara wurin Disfensa, don na ji an ce a makarantar mishan da ya yi a bakin teku har tsofaffin harsunan Turawa ake koya musu. Ya yi dariya ya ce zai zo da kansa, yana son ganin tsohon da ke tambayar kalma garinsu.

Ranar Lahadi bayan coci ya zo a kan keke, da farin kwat. Surukina ya fara da shi tukuna: daga ina, kafin nan fa, har suka kai wani ƙauyen masunta. Aka kawo ruwa. Hausar Disfensa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “ya” yake ce musu.

“Baba, wannan magana ba na Ingilishi ne ba. Ingilishi ya ara shi.”

“Su ma aro suke yi? A wurin wa?”

“Wurin Girik. Mutanen da, da sosai. Babban maciji, su suna kiran shi darakon. Malaminmu ya ce asalin sunan daga kallo ne, wai abin da ke zuba maka ido ba ya ƙiftawa. In ƙarami ne, sai su ce darakontiyon, ɗan maciji. Wutsiyan maganan kuma, wannan asis, shi ne ciwo. In ka haɗa: ciwon ɗan maciji.”

Surukina ya dubi tsinken da ke ƙafarsa. “Wannan ko ido ba shi da shi. Su ma suna da shi a garinsu?”

“Labari suka ji. Matafiya suka gaya musu akwai mutane a bakin Bahar Maliya, ƙananan macizai na fita daga ƙafansu.”

“To sunan ciwon ke nan. Shi kansa mai gayyar fa?”

“Shi nasa da harshen Rumawa ne, guda biyu. Na farko dracunculus, shi ma ɗan maciji. Na biyu medinensis.” Disfensa ya sha ruwa. “Wato na Madina.”

 Surukina ya ce, “Wace Madina?”

“Na Annabinku, Baba.”

Ya yi salati a hankali. Ya ce a kira masa Liman. Liman ya zo, ya ji, ya ce ba ƙarya ba ne: a littattafan magani na Larabawa akwai ciwon da ake kira irƙul madini, jijiyar Madina, domin likitocin farko sun ɗauka jijiya ce ke fitowa, kuma a can suka fi ganinta. Ya ƙara da cewa, “Amma Malam, kada ka ɗauka wata daraja ce. Ciwo ne, an laƙaba masa sunan inda ya yi yawa.”

Disfensa ma ya ce, “Naka daga tafkin bayan gari ya fito, Baba. A tace ruwa da ƙyalle, shi ke nan.”

“Za a tace,” in ji surukina. “Ni ma a Tamale aka haife ni, amma har gobe Bakatsine ake ce mini. Asali ake tambaya.”

Inna tana bayan zana tana jin komai. Ta ce, “Shekara da shekaru kana cewa za ka, ba ka je ba. Ga shi sun gaji sun aiko maka ta ƙafa.”

Ya yi dariya har ya yi tari. Ban taɓa jin ya yi irinta ba.

Bai ruɗe ba, wannan nake so samarin su sani. Ya san tsutsa ce, ya san tana hana shi barci, yana kiranta ja'ira in ta motsa. Ya sa aka riƙa tace ruwan gidan, har na baƙi. Amma daga ranar ya daina cewa a cire masa. Cewa yake a raka. In na kwance bandeji sai ya ce, “Ya baƙon namu ya kwana?” Ƙaninsa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya kawo wanzami a tsaga a zaro a huta. Surukina ya ce, “A gidan nan aka taɓa sa wa baƙo aska?” Da suka fita ya ce mini, muryarsa ba wasa, “Likita, ko me za a yi, kada ka bari a yanke shi. Yadda ya shigo ɗaya, haka zai tafi ɗaya.” Na ce to. Da saurin da nake cewa to ga komai na faɗa, ban auna ba.

Makonni suka wuce, tsinke ya yi kauri. Ana haka tari ya kama shi, ya sauka a ƙirji. Ranar Talatar ya yi sallar asuba a zaune. Na zo na tsoma ƙafar a daro, na ɗora a cinyata, na fara naɗi. Ya tambaye ni ko fataken Mosi sun sami ruwan shanu, na ce sun samu. Ya jingina da bango. Ranar tsutsar tana bayarwa, sai na sa kai ga aikina, ina murna. Ban san tsawon lokacin da na yi ina naɗi ba. Matata ce ta shigo da koko, ta tsaya, ta ce, “Baba?” Ta ajiye kwanon a hankali. Ni ina riƙe da tsinken. Na kasa sakinsa, don in na saki zai warware.

A zafin nan ba a jinkirta gawa. Aka tafi haƙa kabari, aka ce da an yi azahar za a ɗauka. Wurin wanka mu huɗu ne: Liman, Baba Ƙarami, wanzami, da ni, don ba wanda ya san yadda zai yi da ƙafar. Baba Ƙarami ya ce wa wanzami, “Yanke abin nan a wanke shi. Yanzu kam ba ƙafar da za ta kumbura.”

Na ce, “Baba, ya ce kada a yanke.”

“Yana da rai ya faɗa. Za ka kai yayana gaban Allah da tsutsa da kara a ƙafa?”

 Gaskiya ce ya faɗa, kuma shi ɗan'uwansa ne, ni bare. Na ce a ba ni lokaci, wataƙila saura kaɗan. Liman ya dubi inuwa ya ce in gwada har masu haƙa su dawo.

Na zauna na ɗora ƙafar a cinyata yadda na saba. Ta yi sanyi, ta yi nauyi. Na zuba ruwa, na jira. Tsutsar ta ba da ɗan kaɗan ta tsaya. Na shafa, na danna sama da mikin, na jira. A waje ina jin ana shimfiɗa tabarmi, ana sauke makara. Zuciyata ta ce in ja, in ya fita ya fita, in ya tsinke in ce ƙaddara. Yatsuna har sun fara. Na ji zaren ya miƙe ya yi siriri, sai na sassauta. Ban san me ya tsayar da ni ba. Ba halina ba ne.

Masu haƙa suka dawo. Baba Ƙarami ya ce, “To, Likita, an gama wasan?” Wanzami ya buɗe zabirarsa.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, “Mamaci ba a yanke masa farce, ba a aske masa gashi. Abin da ya faɗo daga jikinsa ma a likkafani ake sa masa. Wannan, na farko sun ce jijiya ce, na yanzu sun ce tsutsa ce. Ni ban sani ba. Abin da na sani, bai rabu da jikinsa ba, kuma aska ba ta taɓa gawa. Amma kara ba ya shiga kabari.” Ya dube ni. “Za ka iya zare tsinken ka bar naɗin?”

Na ce zan gwada. Na shafa man kaɗe a bakin tsinken, na riƙe naɗin da yatsu biyu, na riƙa murzawa kaɗan-kaɗan. Baba Ƙarami ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa. Tsinken ya zame ya fito. Naɗin ya zauna a tafin hannuna kamar ƙaramin zobe, ɗaya bakin yana cikin ƙafar. Na kwantar da shi a kan idon sawun. Liman ya yage siririn ƙyalle daga gefen likkafani ya miƙo mini, na ɗaure yadda nake ɗaurewa kullum, ba tamau ba. Sannan aka yi masa wanka, aka suturta shi, aka sallace shi, muka kai shi.

Abin da ya faru ke nan. Wanda ya ce an yanke bai gani ba, wanda ya ce ya fita da kansa shi ma bai gani ba.

Allah ka sauke shi masauki mafi kyau da wanda ya sauki bayinka, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka yafe masa, ka yafe mana.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida gaida Inna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, mata kewaye da ita, idonta a bushe. Na durƙusa daga nesa. Ba ta amsa gaisuwar ba, ta ce, “An yanke?”

Na ce, “Ba a yanke ba, Inna. Bai kuma fita ba. Tare suka tafi.”

 Sannan ta gyara mayafinta.

“To,” ta ce. “Ko ba komai, ɗaya a cikinsu ya san hanya.”